Taubashina da Farar Ƙasar Ɗufana

Ƙanwar babana, wadda muke kira Goggo, ta haifi ɗa namiji a daminar da aka haife ni. Shi ne taubashina. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da hakan ke nufi: ɗan mace da ɗan namiji wasa ne tsakaninsu har kushewa. In zage shi a gaban uwarsa, ta yi dariya. Ya fizge mini hula a tsakiyar kasuwa, ba mai cewa don me. Ni in ce shi bawana ne, shi ya ce ni ne nasa. Haka muka taso a ƙauyenmu, can gaba da Liba a ƙasar Maiyama, har furfura ta fara leƙo mana.

Gara in faɗi tun da wuri cewa ban taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba, kuma ba wasan ne ya sa ba. Mutum ne da bai taɓa gama abin da ya fara ba. Ya ajiye allo tun karatu bai yi nisa ba. Ya kama fartanya, ya ce bayansa ba ya so. Ya tafi Aliero dillancin albasa, ya jibge ta mutane a rumfa tun ba ta sha iska ba, ta ruɓe har maƙwabta suka yi ta toshe hanci. Daga can ya dawo gida da rawani da dogon carbi, yana jan magana a hankali irin ta manya. Babu abin da yake so a duniya kamar a ce masa Malam, kuma babu wanda ya taɓa ce masa, don kowa ya san iyakar karatunsa.

Ni boko na yi. Labarin ƙasa nake koyarwa a wata sakandare a Jega, ina zaune a Jega Firchin da iyalina. Lokacin da muke jami'a an taɓa kwasar mu zuwa kudu, bakin teku, aka nuna mana ƙasar da injin haƙa ya zaro daga can ƙarƙashi, an jera ta a dogayen akwatuna. Na ga baƙar laka, a kanta yashi, a kansa wata lakar, a kanta wani yashin, haka har ƙarshen akwatin. Malaminmu ya ce duniya ta sha yin sanyi ta sake ɗumi. In sanyi ya zo, ƙanƙara ta taru a can arewacin duniya ta riƙe ruwa, teku ya ja baya, koguna su zuba yashi inda da ruwa ne. In ƙanƙarar ta narke, teku ya dawo ya shimfiɗa laka. Ya ce abin bai tsaya a bakin teku ba. Mu ma nan, zamanin ƙanƙara fari ne a wurinmu, iska ke tara rairayi, in ta narke kuma sai damina ta yi ƙarfi, tafkuna su cika. Abin ya shiga raina ƙwarai. Tun daga nan duk ramin da na gani sai na leƙa.

Maƙabartar ƙauyenmu tana kan wani ɗan tudu, yamma da gari. A gefenta akwai kwazazzabo da ruwan damina ya yanka tun kafin a haife mu, zurfinsa ya fi tsawon mutum biyu. Da babana ya rasu aka sa shi a layin da ya fi kusa da bakin kwazazzabon, ƙarƙashin wata aduwa, don nan ne wurin danginmu. Ban damu ba a lokacin, saboda na san gaɓar nan. Na sha sauka ina kallonta. Daga sama jar ƙasa ce mai tsakuwa, wadda ake haƙa kabari a cikinta. Ƙarƙashinta rairayi ne sako-sako, wanda in ka sa yatsa yake zubowa, na zamanin fari ke nan. A can gindi kuma akwai wata farar ƙasa mai tauri, cike da ƙananan bawon katantanwa, alamar an taɓa yin tafki a wurin. Ita ce ke riƙe da komai. Ruwa ya zo ya gogi jikinta ya wuce, rairayin na zaune a kanta, kaburbura na zaune a kan rairayin. Shi ya sa kwazazzabon ya daɗe bai matso ba.

Wata ranar kasuwar Jega ina tsaye wajen masu gero sai na ji an daki ƙeyata. Taubashina ne. Ya zaro wani ƙunshi daga aljihu ya kwance, ga farar ƙasar nan da bawon katantanwa a ciki.

"Bawana, kai da kac ce ka yi boko, mi na wanga?"

Na ce masa ƙasar gindin kwazazzabo ce, kuma na fara yi masa bayanin tafkin da. Bai bari na kai ko'ina ba.

"Tabki! Tabki bisa tudu? Wanga ruwan Ɗuhwana na. Nan yab biyo. Ƙasar da ruwan Annabi Nuhu ya wanke ta, mu muna zaune bisa albarka ba mu sani ba."

Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce ai ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Masu gero suka taya mu dariya. Na saya masa rake, ya hau mota ya tafi. Na ɗauka maganar ta ƙare nan.

Ashe ta fara ke nan. Mata masu ciki dama suna son farar ƙasa, ba yau aka fara ba. Yanzu ga wadda aka ce ruwan Ɗufana ya taɓa. Ya fara ba su kyauta, yana tofa mata addu'a. Wata ta haihu lafiya, aka ce ƙasar ce, kamar kafin ita mata ba sa haihuwa a garin. Daga nan aka ce tana maganin gyambon ciki, tana maganin mayu, in an barbaɗa a gonar albasa tsutsa ba ta shiga. Kafin rani ya raba, babura da keke mai ƙafa uku na zuwa daga Aliero da Maiyama, har daga Jega, kowa da buhunsa. Taubashina ya kafa rumfar zana a bakin hanya ya shimfiɗa buzu. Ba sayarwa yake yi ba, wannan kam ba zan yi masa ƙarya ba. Abin da yake so ya samu: baƙi na durƙusawa suna ce masa Allah gafarta Malam. Mutanen gari dai ba su fara ba tukuna, amma sun daina dariya in baƙo ya faɗa.

Da na je gida hutu sai na sauka kwazazzabon. Sun bi farar ƙasar da diga da sungumi, sun yi mata kogo a gindin gaɓa, mutum na shiga a sunkuye. Kuma inda ta fi kauri, inda suka fi ci, daidai ƙarƙashin aduwar nan ne. Na sa hannu a rufin kogon, rairayi ya zubo mini a hannun riga. Na ɗaga kai ina hango saiwar aduwa a waje. Babana na kwance a saman wannan ramin.

Ban tsaya shan ruwa ba na wuce ƙofar mai gari. Bayan la'asar ne, dattawa na zaune a kan tabarmi, liman na nan, taubashina ma na nan ya harɗe a gefe da rawaninsa. Na gaishe su, na ce na zo da magana mai nauyi. Na ce farar ƙasar nan ita ke ɗauke da maƙabarta, in aka ci gaba da haƙarta ruwan farko mai ƙarfi zai shiga kogon, rairayi ya zube, kaburburan bakin gaɓa su bi shi. Na ce wannan mutumin, na nuna shi da yatsa, jahilcinsa zai tone iyayenmu.

Sai taubashina ya gyara rawani ya ce, "Ku ji bawana. Hassada ta, don ya ga ubangidanai ya ɗaukaka."

Aka fashe da dariya. Wani tsoho har da share hawaye. Mai gari ya ce, "Kai, ku ɗiyan ga ba ku girma? Har gaban mutane?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, wallahi ba wasa nika yi ba."

"Haka dut kuka cewa," in ji shi, aka ƙara wata dariyar.

Nan na gane ramin da na faɗa. Da wani ne ya faɗi abin da na faɗa, ko baƙo ne mai tallar gishiri, da an tashi an je an duba. Amma daga bakina ya fito, a kan taubashina, kuma a garinmu duk abin da taubashi ya faɗa a kan taubashi an riga an san wasa ne. In na ɗaga murya, a ce wasan ya yi armashi. In na rantse, a ce yau ɗan boko ya zo da sabon salo. Raina ya ɓaci, su kuwa suna kallona suna jiran in ƙara wata.

Washegari na sami liman shi kaɗai a zaurensa. Mutum ne mai karatu na gaskiya, kuma na san abin ba ya yi masa daɗi. Ya ce shi bai ga inda aka ce a ci ƙasa don Ɗufana ba, kuma ruwan nan ma azaba ne aka saukar, bai san yadda aka yi ya koma tubarraki ba. Na ce to ya faɗa a masallaci. Ya ja gemu ya ce:

"Da wani yak kawo ƙara, da na yi magana. Amma kai da shi, in na sa baki, cewa za a yi na shiga tsakanin tobassai. Ba a shiga nan."

Na ce to a ba ni izini in ɗauke babana in mai da shi tsakiyar maƙabarta. Ya ce ba a tone mamaci sai da lalura bayyananna, kuma gaɓa tana nan tsaye kowa na gani. Na fito ina mamakin mutum mai ilimi da ke tsoron a ce bai san wasa ba fiye da tsoron kabari ya buɗe.

Na je wurin Goggo, tunda wanda ke kwance can wanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Na same ta tana tankaɗe. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Kai dai ba ka son ganin ɗana da rawani. Tun kuna ƙanana haka kake." Ta ɗebo mini fura. A kan bangon ɗakinta na ga ƙullin farar ƙasar a rataye.

Abin da ya rage mini shi ne hannuna. Na sa aka saro mini ƙayar aduwa da ta magarya, na toshe bakin kogon, na jera duwatsu. Na koma Jega. Mako bai zagayo ba aka aiko mini cewa taubashina ya kwashe ƙayar ya je ya jibge ta a ƙofar ɗakin da nake sauka in na zo gida. Garin duka ya ɗauka, ana cewa bana wasan tobassai ya yi daɗi, an ga ramuwa mai kyau. Wanda ya kawo mini labarin ma dariya yake yi, yana jiran ya ji abin da zan rama da shi.

Na gwada turo wasu. Na roƙi wani abokin aikina ya je a matsayin baƙo ya yi musu magana. Ya je, aka karɓe shi da mutunci, aka ba shi ruwa. Da ya fara bayani wani ya tambaye shi a ina yake aiki. Yana faɗa aka ce, "Af, bawan ya yi hayar mai taya shi." Ya dawo da ƙullin farar ƙasa da aka ba shi tsaraba, ya ajiye mini a tebur.

Damina ta sauka. Ruwan farko bai yi komai ba, na biyu ma haka. Duk ranar kasuwa sai taubashina ya neme ni ya ce, "Bawana, har yau ba ta hwaɗi ba." Ni kuwa duk hadarin da ya haɗo ta wajen Maiyama sai in fita bakin aji in tsaya ina kallo, yara na leƙe ta taga. Ina iya tsayawa gaban allo in faɗa wa yara abin da ƙanƙara ta yi wa teku tun kafin a san mutum, su rubuta su yarda, amma na kasa sa mutanen garinmu su taka su duba rami a bayan gidajensu.

A tsakiyar damina ne, wata rana, aka yi ruwa tun daga hantsi har azahar ba ɗagawa. Ina cikin aji wayata ta yi ƙara. Ƙanena ne. Bai yi sallama ba, ya ce, "Yaya, ka zaka yanzu." Na hau babur cikin sauran yayyafi, hanya duk taɓo, na faɗi a wani kwari na tashi na ci gaba.

Aduwar na kwance a cikin kwazazzabo, saiwarta a sama. Gaɓar ta zube tun daga gindinta, ta tafi da layin bakin gaba ɗaya. Inda kabarin babana yake babu komai sai iska. A ƙasa jar ƙasa da rairayi da farar ƙasa sun cakuɗe, ga itacen rufin kabari da fasassun tukwane a warwatse. Mazan gari na tsaye a sama. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a garinmu ba shi ya doka ba, don kabarin uban taubashina yana can tsakiyar maƙabarta lafiya lau.

Na tuɓe takalmi na sauka, ƙanena ya biyo ni, sannan wasu. Da hannu muka yi ta tonon laka. Ba babana kaɗai ba ne, akwai kakata da wasu dangi a layin, kuma ruwa bai bar kowa a wurinsa ba. Muna tsintar ƙashi muna ajiyewa a kan tabarma, ba mu san na wane ne ba. Na tsinci wani dogon ƙashin ƙafa, na tsaya ina kallonsa, don babana dogo ne. Har yau ban sani ba ko nasa ne. Na yi kuka a cikin ramin nan, ban ɓoye ba, ban kuma ji kunyar kowa ba.

Taubashina bai sauko ba. Yana sama yana ta maimaita cewa ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Da muka fito da tabarmar sai ya warware rawaninsa ya miƙo, wai a naɗe su a ciki. Na dubi ƙanena na ce ya hau babur ya je ya yanko sabon alawayyo na likkafani. Rawanin ya tsaya a hannunsa har ya gaji ya sauke. Muka haƙa rami ɗaya a tsakiyar maƙabarta, nesa da gaɓa, muka sa su tare. Liman ya yi addu'a, bai yarda mun haɗa ido ba. Mai gari ya ce daga yau kada wanda ya ƙara taɓa farar ƙasa. Ai babu ma sauran abin taɓawa, tudu ya rufe kogon.

Da yamma aka taru a ƙofar gidanmu kamar sabon zaman makoki. Mutane na zuwa suna cewa in yi haƙuri, wasu na cewa ai da sun san da gaske nake. Can sai ga taubashina ya zo, ba rawani, hula kawai. Ya tsaya a bakin tabarma yana murmushin dole, ya ce a hankali, "Bawana, ashe bokon naka na da rana."

Na ga fuskokin mutane sun saki, suna jira. Zagi ɗaya suke so daga bakina. In na ce masa jaki, ko na fizge hular nan na jefar, shi ke nan, an koma wasa, kowa ya sami sauƙi, abin da ya faru ya zama cikin abubuwan da tobassai ke yi wa juna.

Na tashi daga inda nake, na tuɓe takalmina, na durƙusa a gabansa har ƙasa. Na ce, "Allah shi gafarta Malam. An zaka lahiya? Mun gode da ta'aziyya, Allah shi ba da lada."

Ba wanda ya yi dariya. Ni ne mutumin garinmu na farko da ya kira shi Malam, kuma kowa a wurin ya san wasan da ke tsakaninmu na yanke. Ya juya ya tafi, bai ko zauna ba.

Shekaru sun wuce yanzu. Ya koma Aliero yana ɗaukar wa mutane buhunan albasa a kan amalanke, rawanin ban ƙara ganinsa ba. Muna haɗuwa a suna da biki da jana'iza, wani lokaci a kasuwar Jega. Duk inda na gan shi nakan rage tsawo in gaishe shi da ladabi, in tambayi iyali, in yi masa addu'a. Ya sha gwadawa. Ya taɓa fizge mini hula a tashar mota, na tsaya ina jira har ya miƙo mini ita da hannu biyu, na ce na gode, Malam.

Bara Goggo ta kwanta ciwo, na je duba ta. Ta rame ƙwarai, ƙullin nan ba ya bangon. Ta kama hannuna ta ce, "Ɗan wana, roƙo guda nika yi maka. Ka zagi ɗan nan nawa, ko sau guda, in ji da kunnena kahin in tahi."

Yana zaune a bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai, yana jira. Na gyara mata mayafi, na ce Allah shi ba ta lafiya. Da zan fita na durƙusa na yi wa Malam sallama.